Sunan wa ke kan aikin?

'Yan uwa masu rubuta manhaja, akwai sakacin da muka mayar ba komai ba. Mutum zai karɓi gyaran da abokin aikinsa ya kwana yana yi, ya liƙa a wajensa, ya yi komit (wato ya adana gyaran a tarihin aikin), shi ke nan tarihi ya rubuta shi ne mai aikin. Galibi gaggawa ce ba mugunta ba, amma haƙƙin wani ne aka danne.

Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren aiki, a 2005, kowane komit gurbin suna biyu gare shi: wanda ya rubuta gyaran, da wanda ya shigar da shi. Haka aikin Linux yake tafiya, wani ya turo gyara ta imel, wani daban ya shigar. To me zai hana ka ƙara --author a umarnin komit ka sa sunan mai aikin da imel ɗinsa? In ku biyu kuka yi, layin Co-authored-by a ƙasan saƙon komit ɗin ya isa, GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git, na gane shi tun 2018.

Wasu za su ce neman suna ne. Ni kam ban yarda ba. Ranar da wani layi ya hana manhaja tashi, git blame za a buɗe, wato umarnin da ke nuna wanda ya yi gyaran ƙarshe a kowane layi, a nemi wanda sunansa ya fito. In kai ne, alhali ba ka san dalilin da ya sa aka rubuta layin ba, sai ka tsaya kana sosa ƙeya. Wanda ya sani kuwa yana gefe, babu mai tambayarsa.

Ga kuma masu sabuwar kwamfuta da ke fara aiki ba su duba user.name da user.email ba, wato saitin suna da imel da Git ke sa wa komit. GitHub da imel yake gane mutum. In wanda ke kan komit ba ya cikin asusunka, aikin ya zama maraya, ba za a lissafa maka shi ba.

In komit ɗin ƙarshe ne kuma ba ka riga ka tura shi wurin jama'a ba, da sauƙi: gyara saitin, ka yi git commit --amend --reset-author. Amma in ya riga ya shiga reshen da jama'a ke aiki a kai, don Allah ka bar shi. Canza suna na canza lambar shaidar komit ɗin da ta duk waɗanda suka biyo bayansa, kowa kuma sai ya sha wahalar daidaita nasa. In matsalar tsohon imel ne ko kuskuren rubuta suna, fayil ɗin .mailmap zai sa git shortlog (mai jero komit bisa sunan masu su) da git blame su nuna daidai ba tare da an taɓa tarihin ba.