Jirgin Akawu

Aikina akawu ne, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da littattafan kuɗin wani kamfani a Accra, babban birnin Ghana, ba tare da ko pesewa ɗaya, wato kwabon ƙasar, ta ɓace a hannuna ba. Na fara da wannan bayani ne domin kada mai karatu ya ɗauka rashin iya lissafi ne ya jefa ni cikin abin da zan ba da labari. Lissafi na iya shi, har kawuna yakan ce da za a ba ni buhun gero, da na faɗi yawan ƙwayoyin da ke ciki kafin la'asar.

A ƙarshen shekarar 2021 ɗan ƙanin mahaifina da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya zo gida hutu, ni kuma aka ɗora wa ɗauko shi daga filin jirgin sama na Kotoka. Na tsaya a ƙofar sabon ginin nan da aka buɗe a 2018 ina kallon fasinjoji suna fitowa a galabaice, idanu jawur, wuya a sanƙare, kamar waɗanda suka kwana a motar Tamale. Shi kuwa sai ga shi fes, ko lanƙwasa babu a rigarsa. Muna cikin cunkoson hanyar unguwarmu Nima ya ce mini a kwance ya yi awa goman nan, domin kujerarsa irin wadda ake miƙarwa ta zama gado ce, kuma da faranti da cokali na ƙarfe aka kawo masa abinci. Da na tambayi kuɗin irin wannan kujera, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai ko dala ɗaya ban biya ba. Da maki na zo."

A daren nan ya zaunar da ni a ƙofar gida ya karanta mini darasi. Ya ce a Amurka ko cingam mutum zai saya da katin bashi yake biya, kuma duk lokacin da aka goga katin, mai kanti yana ba banki wani ɗan kaso na cinikin, kamar biyu ko uku cikin ɗari. Daga wannan kaso banki yake sayen mil, wato makin da ake musanyawa da tikitin jirgi, a sari daga kamfanonin jiragen sama, ya riƙa gutsura wa mai kati domin ya ci gaba da gogawa. Ya ce tun 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin saka wa masu yawan tafiya, sauran kamfanoni suka bi sahu, har abin ya kai mutum yana iya tara mil ɗin tafiya yana zaune a ɗakinsa. Sai ya rufe da labarin wani injiniya a California mai suna David Phillips, wanda a 1999 ya lura da wata garaɓasa, ya sayi ƙananan kofunan kayan zaƙi guda 12,150 a kan dala dubu uku da 'yan kai, ya samu mil fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ban yi barci sosai ba a daren. Na ce a raina idan injiniya ya iya wannan, ina ga akawu.

Da shigowar Janairun 2022 na ɗauki katin shaidar ɗan ƙasa da takardar albashi na tafi wani banki. Yarinyar da ta karɓe ni ta yi bayani dalla-dalla: maki ɗaya a kan kowane sidi goma na kuɗin Ghana da na kashe, akwai kuɗin riƙe kati da ake cira sau ɗaya a shekara, kuma idan na biya duk abin da na ci kafin ranar da aka yanka mini a wata, ba za a ɗora mini ruwa ba. Ta ba ni wasu takardu masu ƙananan rubutu, na sa hannu ban karanta ba, ni da nake hana manajanmu sa hannu a rasit ɗin man janareta sai ya karanta sau biyu. Da na kai maganar wurin malaminmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Akawu, mai kiwo a gefen gona, ko bai yi niyya ba, wata rana akuya za ta yi ɓarna." Na ce masa akuyata a ɗaure take. Kafin na bar zauren kuma bakina ya suɓuce, na ce da wannan kati in Allah ya yarda zan yi Umra ba tare da sayen tikiti ba. Akwai mutum bakwai a zauren, wanda a Nima daidai yake da sanarwa a rediyo.

Washegari da safe na gane abin da ɗan'uwana bai faɗa mini ba, wato Nima ba Bronx ba ce. Na je wurin Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda nake cin abincinta tun ina saurayi, ta zuba mini a ganye da taliya da gari da dafaffen ƙwai da soyayyen yajin nan shito, na zaro kati na miƙa mata cikin isa. Ta karɓa, ta juya gabansa, ta juya bayansa, ta goge maiƙon da ya taɓa shi da gefen zaninta, ta mayar mini ta ce, "Akawu, katin yana da kyau, Allah ya sanya alheri. Tsaba za ka bayar ko MoMo?" wato tura kuɗi ta waya. Haka na yi da mai koko da ƙosai, haka na yi da mai tsire, haka na yi da mai aski. Yaron motar haya ta trotro kuwa bai ma amsa mini ba, sai ya ƙwanƙwasa jikin mota direba ya tsaya, ya nuna mini ƙofa. Cikin mako guda na fahimci cewa duk abin da rayuwata ta dogara a kai, daga kuɗin haya zuwa kuɗin makarantar allo, babu wanda yake haifar da maki ko ɗaya.

Maimakon in haƙura, sai na canza wa gidana wurin cefane. Ranar Asabar nakan ɗauki tasi zuwa wani babban kanti mai na'urar sanyaya iska, in sayo tumatir shida a jere cikin roba an lulluɓe su da leda kamar ƙwayar magani, a kan kuɗin da zai cika kwano a kasuwar Nima ranar Laraba. Uwargida ta ɗaga robar ta duba farashin da ke manne, ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan tumatir ɗin shi ma Umra zai je?" Na yi mata bayani cewa ya kawo maki huɗu. Ta ce to a zuba makin a miya a gani ko za ta yi kauri.

Da na ga albashina shi kaɗai ba zai kai ni ko Tema da ke nan kusa da Accra ba, sai na ɓullo da dabarar da a lokacin na ɗauka ta fi ta injiniyan California. Na sanar a zango cewa duk mai sayen babban kaya ya zo in biya masa da katina, shi kuma ya ba ni kuɗin a hannu, in mayar wa banki kafin ranar biya, maki ya zama nawa. Jama'a suka karɓi wannan tsari hannu bibbiyu. Na saya wa maƙwabcina buhun siminti arba'in, na sayi shinkafa da mai na sunan jikar liman, na sayi talabijin na kayan ɗakin wata amarya da ban taɓa gani ba. Ranakun hutuna suka koma na dako, ina gaban motar kaya da rasit a baki ina nuna wa direba lungu. Wani mai shagon ma da ya ga kati sai ya ƙara kashi biyu cikin ɗari a kan farashi, ya ce kuɗin da banki zai cire masa ne, kuma ni na biya wannan ƙari daga aljihuna saboda kunyar mai kaya.

Shekarar nan ta 2022 ce kuma sidi ya yi faɗuwar da ba za a manta ba. Dalar da muka shiga shekara da ita a kan sidi shida da ɗoriya ta haura goma sha huɗu a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Ina jin kunyar faɗa, amma a duk faɗin Nima ni kaɗai ne nake jin an ce siminti ya ƙara kuɗi in yi murmushi a ɓoye, domin tsadar kaya a wurina ƙarin maki ce.

Akuyar ta tsinke ne a kan firjin kawu. Ya aiko a kira ni ya ce yana son firji mai ƙofa biyu, na saya, na kai, na haɗa masa wuta, na tsaya ina jiran kuɗi. Sai ya kama hannuna biyu ya shiga sa mini albarka, ya ce tun ina ƙarami ya san ni ne zan riƙe gidan nan, ya kira matansa su zo su ga abin da ɗansu ya yi. Duk wanda ya san zango ya san cewa bayan irin wannan addu'a babu bakin da zai iya furta kalmar bashi. Maƙwabcina mai siminti kuma ya ce in Allah ya yarda ranar Juma'a, bai dai faɗi wace Juma'ar ba. Ranar biya ta zo ta wuce, banki ya ɗora ruwa da tarar jinkiri, a ƙasar da babban bankinta da kansa ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari a tsakiyar 2023. Don in toshe wani ramin, na tura kuɗi daga katin zuwa asusuna na MoMo, ina murna cewa ko banza zan samu maki. Ashe wannan a wurin banki cirar tsaba ce: babu maki, ruwa kuma yana fara hawa tun daga ranar. Da na tura wa mai gidan haya kuɗin, harajin E-Levy da ake cira a lokacin kan tura kuɗi ta waya shi ma ya ɗauki rabonsa. Wata uku ina canza hanya idan na hango malam.

A halin nan kuwa sunana ya riga ya canza. Yara suna kirana Alhaji mai jiran gado, tsofaffi mata suna tare ni a hanya da saƙon zamzam da dabino da bagaruwa, wata ma ta ba ni awon ƙafar jikanta a jikin zare domin in sayo masa takalmi a Madina.

A ƙarshen 2024 saƙo ya shigo wayata cewa makin da na fara tarawa zai mutu idan ya cika shekara uku. Na duba na ga ina da 21,400, wato na goga katin nan a kan sidi dubu ɗari biyu da goma sha huɗu, mafi yawansu na mutane. Na sa babbar riga na tafi banki. Wani saurayi mai ladabi ya buga kwamfuta ya ce maki biyu ne suke zama mil ɗaya a kamfanin jirgin da suke hulɗa da shi, saboda haka ina da mil 10,700. Na ce Jidda nake so, zuwa da dawowa. Ya yi tari kaɗan, ya ce abin da nake da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake bukata ba, kuma kamfanin ya ƙara yawan mil ɗin da yake nema tun bara. Na tambayi ɗakin hutawa na manyan baƙi da katin zinariya da ɗan'uwana yake taƙama da su, ya ce wannan matsayi sai wanda ya hau jirgin da jikinsa, mil ɗin siminti ba ya shiga wannan lissafi.

Na ce to ina makina zai iya kai ni. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce Lome, zuwa kawai babu dawowa, kuma kujerar maki guda ɗaya ce ta rage, ranar wata Talata bayan mako bakwai. Ya ƙara da cewa maki ba ya biyan harajin filin jirgi da ƙarin kuɗin mai, waɗannan da dala ake lissafa su. Da ya faɗi adadin na buga a kaina, na ga zai kai ni Aflao a mota daga tashar Tudu in dawo sau da yawa, har da kuɗin burodi a hanya, alhali daga Aflao da ƙafa ake tsallakawa Lome. Ba ni da kowa a Lome. Daga nan wurin na kira Bronx na ce, "Kai da ka ce ko dala ɗaya ba ka biya ba?" Ya ce, "Haba Yaya, ai haraji daban ne, kowa ya san wannan."

Saurayin ya ga halin da nake ciki, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya nuna mini wani shafi na kayan gida da ake iya karɓa da maki. Akwai dutsen guga, akwai fanka, akwai butar dafa ruwa mai aiki da lantarki. Na zaɓi butar da fankar, na sa hannu, wannan karon bayan na karanta kowane layi. Da dare na zauna na haɗa kuɗin riƙe kati na shekara uku da ruwa da tara da kuɗin tasi da firjin kawu, na raba biyu, na rubuta a littafina a matsayin farashin kowannensu, sannan na yage shafin kada magada su gani.

Fankar na kai wa malam, ya karɓa bai ce komai ba sai dai ya tambaye ni lafiyar akuya. Butar tana nan a kan teburin ɗakinmu. Idan ruwa ya kusa tafasa takan yi wani gurnani mai ƙaruwa kamar injin da ke shirin barin ƙasa, kuma kullum da asuba, in dai akwai wuta, uwargida takan leƙo ta ce, "Maigida, a ɗaura ɗamara, jirginka zai tashi." Zaren awon ƙafar nan kuma yana cikin aljihun babbar rigata, ga shi yaron har ya shiga aji uku.