An Bar wa Gara Gidan Tarihin Halittu na Garinmu

Ina rubuta wannan ƙorafi ne cikin ɓacin rai a kan halin da hukumar da aka damƙa wa gidan adana kayan tarihin halittu na garinmu ta jefa shi, domin abin ya wuce sakaci ya koma cin amana. Allon da ke bakin ƙofa yana cewa ana buɗewa daga safe zuwa la'asar a duk ranakun aiki, amma duk malamin makarantar da ya taɓa tara kuɗin mota daga hannun iyaye ya kwaso ɗalibai ya san cewa abin da zai tarar shi ne kwaɗo a ƙofa da maigadi a gindin bedi, yana ba da haƙuri cewa mai makulli ya fita, ko ya tafi taro, ko bai zo ba tukuna. Ni malamin kimiyyar halittu ne, kuma na sha tsayawa da yara a cikin rana har su galabaita mu juya, na koma ina yi wa iyayensu bayanin inda kuɗinsu ya tafi.

Ranar da aka yi sa'a aka buɗe kuwa, abin da ido zai gani ya fi kullewar ciwo. Babu wuta, tagogi kuma an toshe su da kwali tun lokacin da gilasansu suka farfashe, sai mai rakiya ya riƙa haska akwatunan da fitilar wayarsa. Akwai jerin kwalabe da aka adana macizai a cikinsu, kasa da kububuwa da gamsheƙa, waɗanda ya kamata a riƙa cika musu ruwan magani duk sa'ad da ya ja baya. Yanzu ruwan ya ƙafe zuwa rabi, rabin macijin na sama ya bushe ya yi baƙi ya tsattsage, na ƙasa kuma yana cikin wani ruwa mai kalar tsatsa. Gaurakar da aka cusa wa auduga aka tsayar da ita a kan katako, asu ya cinye tukkun zinariyar da ke kanta, wuyanta ya karye ya rataya a jikin waya. Takardun bayanin da aka manna a ƙarƙashin kowane abu sun goge ko sun faɗi, har wani yaro ya tambayi mai rakiyar sunan wani ƙaho mai tsawo da lanƙwasa, ya ce masa na barewa ne, alhali na mariri ne, wata babbar dabbar bakin hamada. Ban ga laifin mai rakiyar ba, don an turo shi ne daga wani ofis ba tare da an koya masa komai ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka turo shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sanin yadda aka kafa gidan nan. Ba gwamnati ce ta fara shi ba, kuma ba da kasafin kuɗi aka tara abin da ke ciki ba. Wani malamin kimiyya na sakandare ne, Allah ya jiƙansa, ya soma da kabad ɗaya a ɗakin gwaji, sannan malamin daji na wancan zamani ya riƙa kawo masa ganyaye da ɓawon itatuwa, ana busarwa ana mannawa a takarda, ana rubuta sunan Hausa da na Fulatanci da na kimiyya, da wurin da aka samo da amfanin da masu magani ke yi da shi. Mafarauta suka kawo fatu da ƙahoni, har da kan burtu irin wanda maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe ya yaudari namun daji. Masu haƙar rijiya suka kawo duwatsu masu siffar katantanwa da haƙoran kifi da suka ci karo da su a ƙarƙashin ƙasa. Da kayan suka fi ƙarfin kabad, sai 'yan kasuwar gari suka yi karo-karo aka gina ɗakuna, daga baya dattawan suka miƙa wa hukuma da hannu bibbiyu, bisa zaton cewa a hannunta abin zai fi daɗewa. Babban littafin rajista da suka cike da rubutun hannunsu yana nan a ƙasan wani teburi, gara ta shiga ta bayansa ta cinye gefen da aka rubuta wuraren da aka samo kayan, wanda idan ya tafi, ƙashi ya zama ƙashi kawai, babu wani ilimi da za a ƙara cirowa daga gare shi.

Masu cewa ai tarkacen matattun dabbobi ne ba su san ƙasar da suke takawa ba. Masana sun tabbatar da cewa yankin Sakkwato da kudu maso yammacin Nijar teku ne ya taɓa rufe shi, kuma farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin wannan tekun ta taru. Tun a 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka samo a lardin Sakkwato, kuma a 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, da sunan garin Goronyo; dabbar ta rayu ne fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce. A 1975 aka bayyana wani dangin kada na zamanin da, aka kira shi Sokotosuchus. Ɗalibin da ke Turai zai iya karanta sunan Goronyo a littafin kimiyya, ɗan Goronyo kuwa bai taɓa jin labarin ba, kuma ɗan ƙaramin gida irin namu shi ne kaɗai wurin da zai iya ɗora hannu a kan haƙorin kifin teku da aka tono a gonar kakansa. Wannan ita ce ƙofar da ake kullewa.

Haka batun namun daji yake. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda ya taɓa yawo daga Senegal har zuwa tafkin Cadi, ya ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, duk a yankin Kure kusa da Yamai, kafin kulawa ta sa suka sake yawa. Mariri an ayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Cadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Gauraka ta yi wuyar gani a fadamunmu, ungulu ma da ke cika mahauta a da ta zama abin nema. Ƙahon maririn da ke cikin akwatin nan shaida ce cewa dabbar ta taɓa rayuwa a nan, kuma idan ya lalace babu dajin da za a shiga a yankinmu a samo wani.

Kada a ce mini talauci ne. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, da na Yamai da aka buɗe a 1959 wanda yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, inda yara ke tsayawa a gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Nijar, su ma mutane ƙalilan ne masu kishi suka faro su. Abin da gidanmu yake bukata ba ya kai kuɗin fentin da ake shafa wa katangar waje duk lokacin da aka ji wani babba zai wuce: kafur na korar asu, ruwan magani na cika kwalabe, maganin gara, 'yan fallayen kwano na toshe yoyon da ke zuba a kan busassun ganyaye duk damina, da ma'aikaci guda wanda ya san aikin kuma yake zama a wurin aikinsa. Ana karɓar kuɗin shiga daga hannun yara ba tare da rasit ba, kuma ina da haƙƙin tambayar inda kuɗin yake shiga.

Mun rubuta takarda, mu malaman kimiyya na makarantun gari, mun kai ofis, an buga mata hatimi an ce mu saurara, har yau shiru. Saboda haka nake maimaita bukatunmu a bainar jama'a. A buɗe gidan a lokutan da allon ya faɗa, a kwafe littafin rajista tun sauran shafukansa suna karantuwa, a ƙidaya kayan a gaban shaidu don a san abin da ya ɓace. Idan kuma hukumar ta ga ba za ta iya ba, to ta faɗa a fili, ta miƙa makulli ga kwamitin malamai da iyalan waɗanda suka kafa gidan, domin akwai daga cikinmu waɗanda suka shirya su sayi kafur da ruwan magani da albashinsu kafin damina ta sake faɗuwa.