Gyaran fayil ɗin taimako da hannu, da asalin da ba a karɓa ba

Makon jiya wani maigidana ya kira ni shagonsa. Manhajar da suke lissafin kaya da ita, in an danna F1, maɓallin neman taimako, bayanin da ke fitowa tsohuwar hanya yake koya wa yaran shago, har an fara samun giɓi a lissafi. Wanda ya rubuta bayanin ya daɗe da barin aiki, kuma da RoboHelp, manhajar haɗa fayilolin taimako, ya haɗa shi, mu kuwa ba mu da lasisinsa.

Fayil ɗin CHM ne, irin wanda Microsoft ta fito da shi a 1997. Galibin abin da ke cikinsa shafukan HTML ne, irin na intanet, da aka matse wuri guda. Na buɗe shi da 7-Zip, manhajar warware matsattsun fayiloli, shafuka suka zubo, tare da .hhc mai jerin babuka da .hhk mai kalmomin nema. Gyaran kansa bai ɗauke ni minti goma ba a manhajar rubutu ta Notepad++. Amma .hhp, wanda ke nuna wa HTML Help Workshop, manhajar Microsoft mai haɗa CHM, yadda za ta sake ɗinke su, ba ya cikin abin da ke fitowa. Sai da na zauna na rubuta shi layi-layi, har aka kira sallar magariba ina kai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙ da ɗ da ɓ. A cikin shafi sun zauna daram, amma a jerin babuka na gefen hagu sai suka koma alamar tambaya, don ɓangaren nan bai san Unicode ba, wato tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban. Dole na rubuta “kididdiga” ba lanƙwasa, ina kallo ina takaici.

Ni dai ban ga laifin gyaran hannu ba in jimla ɗaya ce ko biyu, kuma bai kamata mai ƙaramin shago ya sayi lasisi mai tsada don wannan ba. Sai dai abin da na taɓa ɗinkakke ne, ba yadin ba, wato asalin fayilolin RoboHelp. Ranar da wani ya sake haɗa fayil ɗin daga asalinsa, gyarana ya shafe, tsohon kuskuren ya dawo ba wanda ya sani.

Shi ya sa na ce wa maigidan: “Alhaji, kuɗinka ka biya aka yi aikin nan, asalin fayilolin haƙƙinka ne.” Ya nemo lambar mutumin, mun tura masa saƙo, muna jira.