"Ai ni na haɗa da hannuna" ba hujjar tsaro ba ce

Akwai wata magana da ke yawo a bakin matasanmu masu amfani da Linux, wai duk mai sauke manhaja da apt, wato manhajar da ke girka haɗaɗɗun fakitoci a Debian da Ubuntu, ɗan koyo ne, gwani shi ne wanda ke ɗauko kod ɗin tushe ya harhaɗa da kansa. In ka tambayi dalili sai su ce tsaro. Ni dai ban yarda ba.

Me ka yi da hannun naka? Ka kwance fayil ɗin tar, ƙunshin da kod ɗin ke ciki, ka buga ./configure don ya duba na'urarka ya shirya harhaɗawa, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, can ya tsaya ya ce wani laburare, wato kod ɗin da manhajar ke dogaro da shi, babu shi. Ka nemo fakitinsa mai -dev a ƙarshe, ka sake. Sai make, mai yin harhaɗawar, fankar laftof ta kama kuka, gindinta ya ɗau zafi, kai kuma idonka na kan batir. Sannan sudo make install, wanda ke girka manhajar da cikakken iko a kan na'urar. A cikin duk wannan hidima, layi nawa ka karanta? Tsakani da Allah, ko ɗaya. Amma ka ɗauki ikon root, wato wannan cikakken ikon, ka miƙa wa rubutun mutumin da ba ka sani ba.

Ku tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana taimaka wa aikin har aka amince masa, sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Mugun kayan yana cikin fayilolin gwaji, abin da ke kunna shi kuma yana cikin rubutun da ./configure ke bi, a fayil ɗin tar da ake rabawa, babu shi a ma'ajiyar git inda ake adana kod ɗin aikin. Gaskiya ne an saita tarkon ya tashi ne kawai idan ana gina fakitin deb ko rpm, irin waɗanda tsarukan Linux ke rabawa, amma wannan zaɓin maharin ne. Da kai ya nufa, da ka kunna masa da yatsanka. Wanda ya bankaɗo shi, Andres Freund, ya lura ne shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai har ya tono asalin abin.

Ga kuma matsalar da ta fi zama ruwan dare: make install yana watsa fayiloli a /usr/local, apt bai san da zamansu ba. Ran da aka gano ɓaraka irin Heartbleed ta OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, a 2014, masu fakitin Debian ko Ubuntu za su sabunta su wuce, wanda ka haɗa da kanka kuwa yana nan sai ka tuna da shi. Wasu manhajojin ma ko make uninstall na cire su ba su da shi. Hatta Gentoo, gidan masu harhaɗa komai, tun Disamban 2023 ta fara raba fakitoci haɗaɗɗu a hukumance.

Ban ce kada a yi ba. In akwai gyaran da bai iso rumbun tsarinka ba, ko wani zaɓi da masu fakiti suka kashe, ko kana son ka ga yadda gcc, mai mayar da kod manhaja, da make suke aiki, bismillah, ilimi ne sosai. Sai dai ka sa wa ./configure --prefix=$HOME/.local don kayan su tsaya a folda ta gidanka, ka bar sudo ya huta, kuma ka rubuta abin da ka girka da lambar fitowarsa, domin daga ranar kai ne mai sabunta shi.