Fam Tara Na Ya Tafi Duniyar Mars

Tun da hunturu ya shigo Manchester rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, in mutum ya taso daga aiki ba wajen zuwa sai ɗaki. Kaɗaicin nan ne ya kai ni wani shagon littattafai, na zaro fam tara na sayi wani jibgegen littafin Turanci, irin ƙagaggen labarin kimiyyar nan da ake cakuɗawa da kisa da bin sawu. Abin da bangon ya yi min alkawari ke nan: mutum shida a sansanin bincike a duniyar Mars, kullum aka wayi gari sai a tsinci gawar ɗaya, ga shi ba hanyar gudu.

Gaskiya rabin farko ba laifi, marubucin ya yi bincikensa. Ya san kwanan Mars ya ɗara namu da kusan minti 40. Ya san mai nauyin kilo 70 a nan zai ji kansa kamar kilo 27 a can. Uwa uba, ya san saƙo daga Mars zuwa duniyarmu yana cin minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a lokacin. A kan jinkirin nan ya ɗora duk tsoron labarin: ka nemi agaji, kafin amsa ta dawo an gama da kai. Har shinkafa na ƙona a kan littafin nan.

Sai ga babin ƙarshe. Jarumar ta ɗauki waya tana magana da mijinta a Amurka, tana faɗa yana amsawa, sai ka ce daga Yakasai ta kira Fagge. Ina minti 22 ɗin? Ko oho. Makashin kuma wai kwamfutar sansanin ce, wadda a shafi sama da 400 ba a nuna mana ko tarinta ba. Na rufe littafin na ce lallai an raina min hankali.

Nan take na tuno tsakar gidanmu a Kano. Yayata ce mai karɓo hayar littattafan soyayya a wani ɗan shago da ke bakin lungunmu, na ɗaya da na biyu da na uku, bangonsu duk ya sha hannu. Bayan isha'i sai ta zauna a tabarma tana karantawa a fili. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma kunnenta ya fi na alƙali. Tana tsinkar zogale za ka ji ta ce, “Ke, dakata. Ba jiya kika ce amaryar nan watanta huɗu a gidan ba? Yaya aka yi ta haihu yau?” Yaya ta koma baya ta duba, ta ce, “Wallahi Gwaggo haka ne.” Da yake marubutanmu da yawa suna sa lambar wayarsu a littafi, washegari aka sa kati aka kira baiwar Allah. Ta ba da haƙuri kuwa.

Ba cewa nake namu ba su da aibu ba. Ga kurakuran ɗab'i, ga jan labari don a sayar da na huɗu, ga aljani da ke zuwa ya warware abin da ya gagari marubuci. Amma shi aljanin tun shafin farko aka gaya mana yana nan, muka amince. Mutumina kuwa da bakinsa ya ce ba aljani ba boka, lissafi ne zalla, ya sa na miƙa wuya, da labarin ya cushe masa sai ya tsallake dokar da shi ya kafa. Wannan ne ya ƙona min rai, ba kuɗin ba.

Wani abokin aikina Bature da na yi wa ƙorafi cewa ya yi wataƙila ban saba da irin wannan adabi ba ne. Na ce masa tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Shiru ya yi.

Ranar Lahadi na kira Yaya ta WhatsApp na zayyane mata komai. Ta gama dariyarta, sannan ta ce, “To kai ba sai ka kira shi ba? Bai sa lamba ba ne?” Na juya bayan littafin. Adireshin kamfanin ɗab'i ne kawai a Landan, sai hotonsa ya harɗe hannuwa yana murmushi. Yanzu da littafin nake tokare ƙofar kicin.