Kuɗin tsufa ba na kasuwa ba ne

Wata magana wani yaro ya yaɓa mini a wurin aiki, har yau ba ta sake ni ba. A wani katafaren sito nake lodin kwalaye a Greensboro, nan Amurka. Ɗakin da muke hutun rabin awa ko taga babu, farar fitila dare da rana, injin sayar da lemo da biskit jingine da bango, ga layin masu jiran ɗumama abinci kowa riƙe da robarsa, talabijin kuma manne can sama ba mai kashe ta. Ran nan ana ta ce-ce-ku-ce a cikinta kan fansho. Yaron, Ba'amurke ne bai kai talatin ba, ya ce shi a ba shi kuɗinsa ya zuba a hannun jari da kansa. Na ce ni kam gara su zauna hannun hukuma. Ya kwashe da dariya ya ce, "Kai da ka fito daga Afirka, kai ne mai yarda da gwamnati?"

Na haɗiye, amma ta yi mini ciwo.

Ga yadda abin yake a nan. Duk ran biya, kafin kuɗi su shigo hannunka an zare kashi 6.2 cikin 100, mai kamfani ma ya ɗora irinsa. Suna kiran tsarin Social Security, tun 1935 zamanin Roosevelt yake. Ba ajiye maka ake yi ba. Abin da aka yanka a albashinka yau shi ake ba tsofaffin yau, kai ma in ka yi aikin shekara goma aƙalla, ka kai 67, na bayanka su biya ka. Adashi ne tsakanin iyaye da jikoki, gwamnati ce uwar adashi.

Yaron yana da tasa hujjar, ban hana ba. A 1960 ma'aikata biyar ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya, yanzu ba su cika uku ba, kuma masu kula da asusun da bakinsu sun ce wajen 2033 rarar da aka tara a asusun za ta ƙare, a koma biyan abin da bai kai kashi 80 ba in ba a gyara ba. Shi ya sa a 2005 George Bush ya zaga ƙasar yana tallar a bar matasa su karkatar da wani kaso zuwa asusun kansu. Ko ƙuri'a majalisa ba ta kaɗa a kai ba. Shekara uku bayan nan kasuwar hannun jari ta zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Akwai wata dattijuwa a sashenmu, gashi fari fat, da takalmin ciwon ƙafa take tsayuwa tana manna takarda a kwali. Ta ce mini a wannan faɗuwar ajiyarta ta narke, gwamnati ce kaɗai ba ta fasa turo mata nata ba.

To mu Maradawa wa zai koya mana kasuwa? A cikinta muka buɗe ido. Mun ga alhazan da suka kwana da dukiya suka tashi da rabi da aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Mun ga abin da rufe iyakar Najeriya a 2019 ya yi wa masu sito cike da shinkafa, motoci jere a hanyar Ɗan Isa. Ɗan kasuwa na iya faɗuwa ya tashi in da sauran ƙarfi. Mai shekara saba'in fa?

Masu son a kai fansho kasuwa ƙasar Chile suke yawan kafa misali da ita, wadda ta miƙa fansho ga kamfanoni a 1981 ƙarƙashin Pinochet. Abin da ba sa faɗa shi ne sojojin da suka kawo tsarin ba su saka kansu ciki ba. A 2016 kuma jama'a suka cika tituna suna kukan abin da ake ba su bai kai ya kawo ba.

Amma gorin Afirka ne ya fi tsaya mini. Gaskiya ne CNSS da CARENI, hukumomin fansho na Nijar, ƴan ƙalilan suka sani, manomi da mai tebur ba sa cikin lissafi. Duk da haka ban taɓa ganin tsohuwa a unguwar Bagalam ta Maradi tana dakon kaya don ba mai ba ta tuwo ba. Baba bai taɓa karɓar albashi ba. Ni ne fanshonsa, ni da ƙannena, kuma ba a taɓa cewa kasuwa ta faɗi wannan watan babu ba. Nan kuwa na shiga gidan tsofaffi gaida wani, na ga mutane jere a kujerun guragu suna kallon ƙofa, ƴaƴansu na wata jiha.

Ɗiyata ta fari, haihuwar nan, ta ce in ta gama makaranta Kaliforniya za ta nemi aiki. Na ce Allah ya ba da sa'a, me zan ce? In Baba ya kira, "Ina wuni Kaka" kawai take iyawa ta miƙo mini waya. Don haka kashi 6.2 ɗin nan, don Allah kada wanda ya kai mini shi kasuwa.