Nasiha Ga Ƙannena Masu Gina Shafuka: Kada Ku Bar wa Burauza Aikin Juya XML

Assalamu alaikum ƙannena da 'yan'uwana masu gina shafukan intanet a birnin Kano, musamman waɗanda suka fara karɓar ayyukan makarantu da na 'yan kasuwa. Akwai wata ɗabi'a da nake gani a tsakaninmu wadda shiru a kanta bai dace ba. Mutum zai zuba bayanai a fayil ɗin XML (wani tsari na adana bayanai cikin alamomi), ya rubuta takardar XSLT, wato takardar umarni da za ta juya su su zama shafi, ya sa layi guda a saman fayil ɗin yana umartar burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta yi juyin da kanta, ya buɗe a kwamfutarsa ya ga komai ya fito tsaf, daga nan ya miƙa aiki ya karɓi cikon kuɗinsa. Abin da ya manta shi ne, ba shafi ya miƙa ba. Yadi da awo ya aika, ya bar kowane mai ziyara ya kai wa telansa, alhali teloli ba hannunsu ɗaya ba.

Wannan saɓani tsakanin burauzoci ya girmi da yawa daga cikinku. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar da XML a shekarar 1998, ta kuma tabbatar da XSLT 1.0 a watan Nuwamba na 1999, amma kafin a kammala ƙa'idar Microsoft ya riga ya saki Internet Explorer 5 ɗauke da wani daftari na farko wanda bai yi daidai da abin da aka amince da shi daga baya ba. Ko bayan an gyara wannan, hanyar kiran juyin ta JavaScript ta kasance biyu: Internet Explorer yana amfani da transformNode ta hanyar ActiveX, sauran kuma suna amfani da XSLTProcessor. An yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yuni na 2022, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, sai dai ku sani tafiyarsa ba ta kawo ƙarshen matsalar ba, domin waɗanda suka rage ma ba inji ɗaya suke amfani da shi ba. Chrome da Safari sun dogara da injin juyi mai suna libxslt, Firefox kuwa yana da nasa injin mai suna TransforMiiX.

Ku ɗauka wata makarantar sakandare ta ba ɗayanku aikin shafin sakamakon jarrabawa, kuma a cikin bayanan akwai sharhin malamin aji wanda aka sa wa alamomin HTML don wasu kalmomi su fito da kauri. Maginin shafin ya yi amfani da disable-output-escaping, umarnin XSLT da ke sa a ɗauki alamomin a matsayin HTML maimakon a nuna su a matsayin rubutu, ya duba a Chrome ya ga rubutu ya fito yadda ake so. Uban yaro da ya buɗe da Firefox zai ga alamomin kansu a tsakiyar sharhin, a cakuɗe da sunan ɗansa. Dalili shi ne Firefox ba ya mayar da sakamakon juyi ya zama rubutu sannan ya sake karanta shi, yana gina shafin ne kai tsaye, saboda haka wannan umarni ba shi da inda zai yi aiki. Ba kuskure ba ne da za a jira su gyara, domin ita kanta ƙa'idar ba ta wajabta wa kowane inji ya bi umarnin ba. Haka kuma idan sabar, wato kwamfutar da shafin ke ajiye a kanta, ta aiko takardar XSLT da nau'in fayil da ba na XML ba, Firefox yana iya ƙin karɓarta. Wanda kuma ya kwafa wa shugaban makaranta fayilolin a filashi don ya duba a ofis, zai iske Chrome ya ƙi ɗauko takardar daga kan kwamfutar saboda dokokin tsaro, shafi ya fito fari fat ko rubutu ya fito a dunƙule, ba tare da wani bayani da mai dubawa zai fahimta ba.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu rubuta Hausa, kuma shi ne ya fi damuna, domin ba kasafai darussan da muke koyo da su suke taɓa shi ba. An fitar da XSLT 2.0 a 2007, aka fitar da 3.0 a 2017, amma babu wata babbar burauza da ta wuce 1.0 a karan kanta. A cikin 1.0 babu umarnin mayar da ƙananan baƙaƙe manya, sai dai ka yi amfani da translate ka jera baƙaƙen da hannunka, kuma wanda ya kwafo jerin Turanci zai bar ɓ da ɗ da ƙ a baya, sunan ɗalibi ya fito rabi babba rabi ƙarami. Jera sunaye ma haka yake. Ƙa'idar ta bar wa kowane inji yadda zai jera baƙaƙe, har ma ta ce idan ba a faɗi harshe ba a duba saitin na'urar, saboda haka babu tabbacin Ɗahiru zai zo kusa da Dauda, ko Ƙasimu ya biyo Kabiru. A wata na'urar suna iya faɗawa can ƙarshen jeri, bayan Zainab. Malamin da ke neman suna cikin ɗalibai masu yawa zai ɗauka an manta da yaron ne.

Sannan ku tambayi kanku, da me mutanen Kano suke buɗe shafukan nan? Yawanci da waya ce irin wadda ake saye a Farm Centre, Tecno ko Infinix ko itel, da burauzar da ta zo a cikinta, ko kuma Opera Mini don tattalin data. Ita Opera Mini, idan tana cikin yanayin matse data sosai, shafin yana fara bi ta sabobin kamfanin ne a sarrafa shi kafin ya iso waya, wato ko wurin da juyin zai faru ba a hannunku yake ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da kuka gina wa shafin kaya kuwa, ta WhatsApp yake tura adireshinsa, kuma manhajar da ke ɗauko hoto da taken shafi don nuna wa mai karɓa ba ta gudanar da XSLT, ɗanyen XML kawai za ta tarar.

A kan duk wannan, a shekarar 2025 masu kula da Chrome sun sanar cewa za su cire XSLT daga burauzar gaba ɗaya, inda suka sa ƙarshen 2026 a matsayin lokacin da zai daina aiki ga yawancin masu amfani, suna kafa hujja da haɗarin tsaro a tsohon injin da kuma ƙarancin shafukan da ke amfani da shi. Masu Firefox da masu Safari su ma sun nuna goyon baya. Mutane da dama sun yi suka a kan matakin, kuma ni ma ina ganin akwai asara a cikinsa, domin XSLT harshe ne mai kyau da ya yi wa mutane hidima shekaru fiye da ashirin. Amma ra'ayinmu ba zai hana shafin da muka miƙa wa mutane mutuwa ba.

Shawarata ita ce ku riƙe XML ɗinku da takardar XSLT ɗinku idan suna yi muku aiki, ku mayar da juyin kan sabar. Harshen PHP da ke aiki a kan sabar yana da XSLTProcessor nasa, akwai manhajar xsltproc ga mai son ya juya fayiloli tun kafin ya ɗora su, akwai kuma injin Saxon ga mai buƙatar XSLT 2.0 ko 3.0. Da haka inji ɗaya ne zai yi juyin, wanda kuka sani kuka gwada, kowace waya kuma HTML gamamme za ta karɓa. Ku bayyana UTF-8, tsarin adana baƙaƙe da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, a fayil, a takardar juyi da kuma a saƙon sabar, ku gwada da sunaye masu ƙugiya, ba da Musa da Aisha kaɗai ba. Idan dole ne a yi juyin a burauza, akwai SaxonJS, injin juyi da ke aiki a cikin burauza, amma ku tuna nauyin saukar da shi a kan datar mai ziyara zai hau.

Waɗanda kuma suka riga suka miƙa ayyuka ta tsohuwar hanya, don Allah ku bi su ɗaya bayan ɗaya tun yanzu, ku kira masu su ku yi musu bayani cikin harshen da za su gane, ku daidaita da su a kan kuɗin gyara idan akwai, kafin ranar da iyaye za su cika ofishin makaranta suna tambayar dalilin da ya sa sakamakon 'ya'yansu ya ƙi buɗewa.